Fartanyar Malama Sabuwa a Gandun Labo

Da zarar an idar da sallar asuba, kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin titin Dayi, akwai wata gajeruwar mata mai farin hijabi da takalmin roba da ke wucewa da sauri, jaka a hammata, makullai a hannu. 'Yan acaɓa sun san ta, ba sa ma wahalar da kansu wajen tsaya mata, don sun san ba hawa za ta yi ba. Malama Sabuwa Sada ke nan, ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin nan na bayan kasuwa, wadda a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar.

Ita ke buɗe ƙofa. Akwai mai shara, amma sai ta sake bi da tsintsiya, wai shi iya inda ido ke gani yake sharewa. Ta ɗora ruwa a wuta, ta jera kwalaben gwaji a tire, ta leƙa firjin allurai ta tabbatar akwai sanyi. In kuwa ranar Alhamis ce, akwai ƙarin aiki guda da ba ta yarda kowa ya yi mata. Za ta ja dogon bencin baranda ta kai shi gindin dalbejiya, ta ɗaga kai ta auna inda inuwa za ta kai da hantsi, ta sake gyara masa zama. Bencin 'yan Alhamis ke nan, kuma muddin suna hannunta rana ba ta taɓa su.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai sanyin baki ce ba. In ka tsallake maganinka, tun daga ƙofa za ta gane a tafiyarka, kuma a gaban jama'a za ta wanke ka tas. Wata dattijuwa ta taɓa ce mata, "Malama, ke ko gaisuwa ba kya bari a gama?" Ta ce, "Hajiya, ai gaisuwar nake yi," tana matsa mata gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, idonta a kan fuskar matar. Inda ta ga ta yamutsa fuska, nan ta tsaya ta ɗauko biro.

Su waye 'yan Alhamis? Yawancinsu mata ne, kuma cutarsu ba irin wadda muka saba da ita ba ce. Cututtukan da muka sani baƙi ne, sauro ya kawo, ko gurɓataccen ruwa, ko tarin wani. Jikin mutum kuwa yana da rundunarsa a cikin jini, abin da likitoci ke kira garkuwar jiki, wadda ke tare baƙon ta gama da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin rundunar nan akwai waɗanda ba faɗa ne aikinsu ba. Su aikinsu tsawatarwa. Su ne ke ce wa mayaƙan wannan ɗan gida ne a bar shi, ko kuma baƙo ya mutu a koma a zauna. Ranar da masu tsawatarwar suka yi rauni, ko mayaƙan suka daina jin magana, sai jiki ya juya wa kansa. A wata ya kama gaɓoɓi har ta kasa ɗaura zane da safe, a wata ya kama fata, a wata ya gangara ƙoda. Ba a rabuwa da irin wannan ciwo gaba ɗaya, amma in an san hannunsa ana lallaɓa shi har mutum ya tsufa.

Malama Sabuwa ba a makaranta ta fara koyon wannan ba, kuma ba ta ɓoye yadda ta koya. Shekara ashirin da suka wuce akwai wata matar aure, Adawiyya, 'yar wajen Gozaki, da ta yi ta zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da wani ja a kumatu. Sau shida Sabuwa tana ba ta maganin cizon sauro, ta koma na taifot, ta sake dawowa na sauro. Adawiyya ta kumbura, ta rasu. Bayan wata takwas aka tura Sabuwa wani kwas a Zariya, likita ya haska hoton fuskar wata mata a bango, da ja ya ratsa kumatu biyu ta kan karan hanci. Waɗanda ke ajin sun ce tashi ta yi ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba. Har yau in maganar ta taso cewa take, "Da hannuna na yi ta ba ta maganin da ba nata ba." Ba ta neman a ba ta haƙuri, kuma in ka fara za ta katse ka. Daga kwas ɗin nan ta dawo ta ware ranar Alhamis, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ƙara mata komai a kai.

Labaranta suna da yawa, amma wanda Malam Zubair mai gwajin jini da fitsari ya fi son bayarwa shi ne na Tsohuwa, don farkonsa da ƙarshensa a gabansa aka yi.

Kusan shekara tara ke nan, da kaka, wani manomi mai suna Tanimu ya kawo matarsa a bayan babur daga wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Ƙarfi, ya ɗaure ta da zane a jikinsa don kada ta faɗo. Sunanta Tsohuwa, amma ko talatin ba ta cika ba. Gashin gaban kanta ya zube, bakinta duk gyambo, ƙafafunta sun kumbura har in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ga kuma jan nan a kumatu. Tanimu ya ce shekara huɗu ke nan, duk damina sai ciwon ya tashi, ya kwantar da ita har bayan kaka. Sun je kemis, sun je wajen masu saiwa, kuma duk inda suka je abu ɗaya ake ba su, maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfi, tunda kowa ya dube ta ya san ƙarfi ne ya ƙare.

Sabuwa ta miƙa mata kwalba. Fitsarin da aka kawo kumfa ce zalla a samansa. Malam Zubair ya tsoma siririyar takardar gwaji, kafin ya ɗago ta ta rine ta koma kore shar. Ma'anar haka, ƙoda ta fara yoyon abin da ya kamata ta riƙe a cikin jini. Sabuwa ba ta rubuta takarda ta ce su je Zariya ba, don ta san takarda irin wannan a aljihu take ƙarewa. Washegari ita da kanta ta shiga mota da su. Likitan da ya duba Tsohuwa ya kira cutar da sunanta, lufus, ya kuma faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Ƙodar ba ta mutu ba tukuna, amma in ciwon ya sake yin irin wannan tashi sau ɗaya ko biyu, sai injin wankin ƙoda. Sabuwa ta san abin da hakan ke nufi ga matar da gidanta ke bayan Ƙarfi. Yana nufin kabari.

A hanyar dawowa, da suka wuce Funtuwa, Tanimu ya ce, "Malama, ni fa wani abu bai kwanta mini ba. Likita ya ce maganin nan rage ƙarfin garkuwar jiki yake yi. Mace tana kwance ba ƙarfi, kuma a ce a ƙara rage mata?"

Ta ce, "Kana da kare a gida?"

"Uku ma."

"In ɓarawo ya shigo?"

"Su yi kansa."

"In kuma ƙanenka ne ya dawo daga tafiya suka yi kansa?"

"In daka musu tsawa su kwanta."

"To, ranar da muryarka ta dishe, karnukan suka shiga cizon yaran gida, nama za ka ƙara musu su yi ƙarfi, ko igiya za ka nemo?"

Tanimu ya ce, "Igiya."

"To ga igiyar nan a leda a cinyarka. Ba kashe karnukan za mu yi ba, in sun mutu ɓarawo ya samu gida. Ɗaure su za mu yi daidai gwargwado, mai tsawa ya samu ya huta, muryarsa ta dawo. Shekara huɗu nama kuke ba su."

Sai ta kafa musu doka biyu. Ta farko, magani kullum, ko ta ji sauƙi ko ba ta ji ba. Ta biyu, Tsohuwa ta rabu da ranar tsakiya. Ta yi musu bayani cewa zafin rana yana ƙona fatar mai wannan ciwo, abin da ya ƙone ya zuba cikin jini, mayaƙan jiki su ɗauka baƙo ne ya shigo, faɗa ya tashi, ƙoda kuma ita ke kwasar tarkacen. Dukansu biyu suka ce sun ji.

Da rani abin gwanin sha'awa. Duk wata Tsohuwa na kan benci ranar Alhamis. Kumburi ya saɓe, gashi ya tsiro, takardar Malam Zubair ta riƙa dusashewa daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Ta yi ƙiba, ta fara tsokanar sauran mata, har aka gano ashe bakinta ma bai mutu ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman farko. Alhamis ɗinta ta zo, Tsohuwa ba ta zo ba. Sabuwa ta ce wataƙila rafi ne ya kawo. Wata Alhamis ta sake zagayowa, shiru. Ranar Asabar da hantsi 'yan acaɓar bakin titi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Malama Sabuwa ta ɗaga wa ɗayansu hannu.

Ba ta same su a gida ba. Wata dattijuwa mai jiran yara ta nuna mata hanyar gandu, wato babbar gonar gida da kowa ke yi wa aiki. Rana ta take tsaka. Mutum goma sha huɗu ne a jere, maza da mata, kowa ya duƙa a kan kunyarsa. Can ƙarshen layi ga Tsohuwa, kai ba ko ɗankwalin kirki, kumatunta jawur, idon sawunta ya ɓace cikin kumburi.

Ga yadda al'adar gidan take, kuma sai an fahimce ta za a gane cewa ba mugunta ba ce. Duk wanda ke ci daga rumbun gandu, namiji ne ko mace, yana ba gandu ƙarfinsa daga hantsi zuwa azahar. Bayan an tashi, kowace mace ta wuce gayaunarta, ɗan filin da yake nata ita kaɗai. Ciwon da ya kwantar da mutum ne kawai ke ɗauke masa wannan. Tsohuwa kuwa ga ta a tsaye, ta fi kowa ƙiba a gidan. Da wane baki za a ce ba ta da lafiya?

Sabuwa ta ja ta gefe. "Ina maganinki?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. Tanimu ne ya matso ya faɗa. Wani ɗan gidan ya kai kwalin maganinta kemis, aka ce masa ai ɗaya daga cikin ƙwayoyin 'yar'uwar maganin zazzaɓin sauro ce. Wannan gaskiya ne, dangi ɗaya suke. To kowa ya san maganin sauro kwana uku ake sha, ita kuma ga ta ta sha wata bakwai. Da damina ta kankama yara suka fara zazzaɓi, aka riƙa zuwa ɗakinta ana karɓa. A gidan da ake ci daga rumbu ɗaya, ba a hana ɗan wani magani yana kwance. Sati uku ke nan da ƙarewarsa, ita kuma kunyar faɗan Malama ta hana ta zuwa.

Malam Zubair ya ce da Sabuwa ke ba shi labari, ta ce a nan fuskar Adawiyya ta gani. Amma ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "'Yata, waye ya tilasta miki fitowa?"

Tsohuwa ta ce, "Ba kowa, Malama. Shekara huɗu matan gidan nan ke nome mini kunyata, suna daka mini, suna goya mini yara. Ba wadda ta taɓa yi mini gori. Yanzu da na miƙe sai in zauna a inuwa ina kallonsu? Gara ciwon."

Maigidan, Baba Labo, mahaifin Tanimu, ya ajiye fartanyarsa ya iso. Dogon tsoho ne mai magana a hankali. Suka gaisa. Sabuwa ta durƙusa ta yi masa bayani tun daga farko, har da abin da likita ya ce game da ƙoda. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Malama, mun ga aikinki, mun kuma gode. Amma dubi layin nan. Da mu talatin ne. Yara sun watse Funtuwa da Kano, waɗanda suka rage kuwa abin da ya riƙe su shi ne doka ɗaya ce a kan kowa. In na ɗauke wa mai tafiya da ƙafarta yau, gobe mutum uku za su tashi da ciwon kai. Ranar da gandu ya watse, ita ma ba ta da abin da za ta sha maganin a kansa."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma Sabuwa ta san haka. Ta tambaye shi kunya nawa Tsohuwa ke nomewa kafin a tashi. Ya ce takwas, in ƙasa ta yi laushi goma. Sai ta miƙe, ta naɗe hijabinta ta ɗaure a ƙugu, ta zare fartanyar daga hannun Tsohuwa. Ta ce, "Je ki gindin ɗorawar can ki zauna. Baba, gandunka ba zai rasa hannu ba." Ta duƙa a inda Tsohuwa ta tsaya.

A nan fa dole in faɗi gaskiya, ko da za ta karanta ta neme ni. Malama Sabuwa 'yar manomi ce, amma rabonta da fartanya ya haura shekara talatin, kuma ta haura hamsin a duniya. Noman da ta yi a ranar, ciyawa ba ta ji tsoronsa ba, dawa ce ta shiga uku. Waɗanda ke layin sun ce ta sare tushiya bakwai kafin azahar, ita kuma ta dage biyar ne. Kunya uku ta gama, tafin hannunta duk ya yi bororo ya fashe. Sau biyu Baba Labo yana cewa ta bari, ba ta ko ɗago ba. Da aka tashi ta ce masa, "Saura biyar ina sane. Gobe Lahadi ba ni da aiki."

A ranar ta tafi da Tsohuwa, ranar Litinin kuma suka koma Zariya, aka ƙara mata magani mai ƙarfi aka kwantar da ita. Amma Lahadin nan sai da Sabuwa ta je gandu, Asabar ta gaba ma ta je. Labari ya kai kasuwar Ƙarfi cewa Labo ya samu ma'aikaciyar asibiti tana yi masa ƙodago. Ranar da za ta je karo na huɗu, a bakin hanya ta tarar da shi zaune a kan kututture yana jiran ta.

Ya ce, "Malama, kin hana ni shiga kasuwa, kuma kina gama mini da dawa. Me kike so?"

Ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta ce, "Baba, tambaya ɗaya. Gandu sa'o'in mutum yake buƙata, ko kunyoyin da ya nome?"

Ya ce, "Kunyoyi."

"To ka yanka mata nata takwas. In ta warware ta dawo, ta fita da zarar gari ya yi haske, ta yi abin da za ta iya kafin rana ta yi zafi, ta ƙarasa in la'asar ta yi sanyi. Da malafa, da riga mai dogon hannu. Ka zo da hantsi ka duba, in ka ga ciyawa ka aiko mini in zo in cire. Ba ka ɗauke mata komai ba, ba wanda zai ce ka yi son kai."

Tsohon ya yi zane a ƙasa da tsinke. Ya ce mace ba ta fita gona ita kaɗai da sassafe haka. Tanimu, da ke tsaye a baya tun ɗazu, ya ce, "Baba, a yanka mini nawa kusa da nata." Labo ya ɗago ya dubi ɗansa, sannan ya ce a gwada damina ɗaya.

Saura maganar magani. Nan Sabuwa ta yi abin da ni a ganina ya fi noman nata wayo nesa ba kusa ba. Ta ciro sabon kwali daga jaka, ba ta ba Tanimu ba, ta ɗora shi a hannun Labo. Ta ce, "Baba, in yunwa ta shigo gida, ana taɓa irin shuka?"

Ya ce, "Ko yara na kuka ba a taɓawa."

"To wannan iri ne. Ka ajiye shi inda kake ajiye iri, kai za ka riƙa ba ta kullum da safe. Yaron da ya yi zazzaɓi a kawo mini shi, ina da nasa daban, wannan ba zai yi masa aikin da kuke zato ba."

Daga ranar kwalin ya koma cikin tukunyar iri a ɗakin Labo, kuma ba a sake samun wanda ya yi ƙarfin halin zuwa roƙo ba.

Ba a nan hankali ya kwanta ba. Tashin da ciwon ya yi ya riga ya taɓa ƙodar, ba kuma wanda ya san iya inda ɓarnar ta kai. Tsohuwa ta dawo gida bayan sati uku. Sabuwa ta hana ta gona har sai da likita ya yarda, lokacin an shiga maimai, wato noma na biyu. Ta riƙa fita da malafar maza a ka, yara na bin ta da dariya, ita kuma tana rama musu da baki. Duk sati biyu tana kan benci. Takardar gwaji ta ƙi sauka daga kore wata guda cur, Sabuwa ta rame kamar ita ce mai ciwon. Sai ranar wata Alhamis, dawa ta fara fitar da kai, Malam Zubair ya tsoma takarda ya ɗago, ya kai ta bakin taga, ya sake tsoma wata don bai yarda da idonsa ba. Ruwan ɗorawa ce, da ɗan alamar kore kaɗan. Ya ce Sabuwa ta karɓa ta duba, ta ajiye, ta ce, "Alhamdu lillahi. Kira mai bi mata." Likitan Zariya ya tabbatar daga baya cewa ƙodar ta yi tabo, amma ta riƙe.

Malama Sabuwa, ke ce wadda kuskure ɗaya ya hana barci shekara ashirin, kika mayar da shi benci a gindin dalbejiya. Ke ce kika gane cewa rubuta magani rabin aiki ne, sauran rabin yana can inda mara lafiya ke kwana da tashi, a cikin dokokin gidansu da kunyar da yake ji ta mutanensa. Ba ki raina al'adar Baba Labo ba, ba ki kuma bar ta ta cinye surukarsa ba. Ba ki tambayi Tsohuwa addininta ba kafin ki duƙa a kunyarta. Uwar 'yan Alhamis, mai faɗa da magani a hannu. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, in har kin san yadda ake hutawa.

Ku kuma 'yan baya da ke sanye da fararen kaya, ba wanda ya ce ku je ku sare wa mutane dawa. Amma in mace ta dawo muku karo na uku da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku ajiye biro ku dubi fuskarta da yatsunta, ku nemi fitsarinta. In kun ga kujerar wani ba kowa ranar da ya kamata ya zo, kada ku ce ya warke. Mu kuma dangin masu irin wannan ciwo, mu daina ɗura musu kayan ƙarin ƙarfi, mu daina raba maganinsu, mu yarda cewa mutum yana iya tsayuwa da ƙafarsa alhali jikinsa yana yaƙi da kansa.

Alhamis ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe a hannunta. Ba a yi taro ba, ba a kafa rumfa ba. 'Yan Alhamis ne kawai suka haɗu, su wajen arba'in, wasu da fura, wasu da ƙwai. Aka ce kowa ya faɗi wani abu. Da aka zo kan Tsohuwa ta ce ita ba ta iya jawabi ba. Aka matsa mata, ta miƙe tana murza bakin zanenta, ta fuskanci Sabuwa.

Ta ce, "Malama, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara huɗun nan da na yi ina ciwo, duk shekara ni nake shuka gayaunata, amma ban taɓa ganin girbinta ba. Ina kwance a ɗaki nake jin ana shigo da damman. Shekarar da aka kawo ni wurinki, da na zuba iri sai da na gaya wa maigidana wadda za a ba dawar in ta nuna, don na san ba zan kai ba."

Malama Sabuwa, mai bakin da ba ya mutuwa, ta juya tana gyara kwalaben da tun safe a gyare suke.

Tsohuwa ta ce, "Girbi takwas na yi da hannuna tun daga nan. Bana ma na yi shuka, kuma ban ba kowa wasiyya ba."